CINIKIN BIRI A SAMA: TSAKANIN FATA DA DOGON BURI

  

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, akwai wani yanayi da ya shigo cikin shekararmu ba tare da ya yi sallama ba. Mun san damina da kaka da ɗari da bazara. Yanzu kuwa wasu daga cikin samarinmu sun ƙara na biyar, wato lokacin jiran tarukan manyan kamfanonin fasaha na Amurka. Kamfanin Google yakan yi nasa a watan Mayu, kamfanin Apple kuma a watan Yuni, dukansu a jihar Kalifoniya. Asalin waɗannan taruka na masu ƙirƙirar manhajoji ne, ana kiransu don a nuna musu sababbin kayan aiki. Amma da yake ana watsa jawabin buɗewa ga duniya duka, sai taron ya zama idin masoya. Tun da sauran makonni ake yaɗa jita-jita, wannan ya ce za a fito da kaza, wancan ya ce ya ji daga majiya mai tushe. Ranar da aka yi taron kuma sai ka ga fuskoki sun ɓaci, ana cewa an ci amana.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan mutumin Matankari ko Kore Mairuwa da taron da ake yi a bayan teku? Amsa ita ce, wayar da ke aljihunsa, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix, da manhajar Android ta Google take aiki, kuma abin da aka yanke a can yakan iso gare shi komai daɗewa. Sa'an nan ciwon da ke cikin wannan jira tsohon ciwo ne, malamanmu sun san shi tun ba a ƙera tarho ba. Saboda haka ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira.

ABIN DA YA FARU

A ranar 10 ga watan Yuni na shekarar 2024 kamfanin Apple ya buɗe taronsa da albishir na ƙirƙirarriyar basira wadda ya raɗa wa suna Apple Intelligence. Daga cikin abin da ya nuna har da sabuwar Siri, wato muryar nan mai amsa tambaya a cikin wayarsa. Aka ce za ta san al'amuran mai ita, ta tono masa abin da ke cikin saƙonninsa, ta yi masa aiki daga wannan manhaja zuwa waccan. A watan Satumba na wannan shekara aka fito da wayar iPhone 16 a kan dalar Amurka 799, aka yi ta tallarta da wannan albishir, har da hoton talabijin mai nuna Siri tana yin abin da aka faɗa.

Mutane suka saya, suka zauna jira. A ranar 7 ga Maris 2025 kamfanin ya sanar da cewa aikin zai ɗauki lokaci fiye da yadda ya yi zato, ya kuma janye waccan talla. Cikin watan nan wasu masu saye suka kai ƙara kotun tarayya da ke San Hose, suna cewa an tallata musu abin da babu shi. Da taron Yuni 2025 ya zo, aka nuna sabon zubin fuskar waya mai kama da gilashi, batun Siri kuwa aka ce yana buƙatar ƙarin lokaci. Masoyan da suka yi tafi a 2024 su ne suka fi kowa zafin baki a 2025.

To, a nan tambaya biyu ce. Mene ne ke kan wanda ya yi alkawari? Mene ne kuma ke kan wanda ya rataya zuciyarsa ga alkawarin?

HAƘƘIN DA KE KAN MAI ALKAWARI

Kada mu yi gaggawar ɗora laifi duka a kan mai jira, domin yin haka zalunci ne. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma fiƙihunmu bai ɗauki maganar da wasa ba. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, a zaure ko a medersa, ya san an hana cinikin garari, wato wanda ba a san ƙarshensa ba, kamar sayar da kifin da ke cikin gulbi, ko ɗan da ke cikin cikin dabba, ko raƙumin da ya ɓalle. Shi ne Bahaushe ya kira cinikin biri a sama. Inda shari'a ta yarda a biya kuɗi tun kaya ba su zo ba, wato cinikin salam, sai da ta ɗaure shi da sharuɗɗa: a san siffar kaya, a san yawansu, a san ajalinsu. Hikimar a fili take. Ba a son dukiyar wani ta fita daga hannunsa a kan zato.

Gaskiya ne cewa ita wayar tana nan, an miƙa ta hannu da hannu, ba ita ce birin ba. Birin shi ne abin da aka ce za ta yi nan gaba, wanda kuma don shi ne wasu suka zaro kuɗinsu. A nan ne ra'ayi mashhuri na mazhabar Malikiyya yake da amfani ƙwarai: alkawarin da aka gina a kan wani dalili, har wanda aka yi wa shi ya shiga ɗawainiya saboda shi, cika shi wajibi ne. Idan ka ce wa manomi ya sayi shanun noma za ka ranta masa kuɗin garma, ya je kasuwa ya saya, ba ka da ikon zamewa ka ce ai magana ce kawai. Girman kamfani ba ya fitar da shi daga wannan ma'auni. Hasali ma yana ƙara masa nauyi, domin wanda muryarsa ke kai wa ga miliyoyin mutane ya fi kowa cancantar ya auna maganarsa.

Wani zai ce ai aikin ƙira haka yake, mai gwaji ba ya sanin ranar gamawa. Mun yarda. Jinkiri ba aibi ba ne, kuma riƙe abin da bai nuna ba ya fi sakinsa ɗanye. Aibin shi ne a nuna wa jama'a abin da ake fata a cikin rigar abin da aka gama. Da an ce ga abin da muke ƙoƙari a kai, ba mu san ranarsa ba, da babu mai ƙorafi. Wannan hukunci kuwa bai tsaya ga mutanen Kalifoniya ba. Ya hau kan tela mai karɓar ɗinkin salla alhali ya san ba zai gama ba, da mai gyaran waya a bakin tashar Dogon Dutsi mai cewa a dawo gobe har goben ta cika wata, da ɗan takara mai rabon rijiyoyi da baki.

ABIN DA KE KAN MAI JIRA

Yanzu sai mu juyo ga kanmu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, daidai da 1111 ta Miladiyya, ya bambance fata na gaskiya da buri da kuma ruɗu a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya yi amfani da misalin manomi. Taƙaitaccen abin da ya nuna shi ne, jira ba ya cin sunan fata sai idan mai shi ya cika sababan da ke hannunsa. Babu wanda zai fahimci wannan kamar mutumin Arewa. Watan Yunin da ake taron nan shi ne watan da manomin Dallol Mawri yake ɗaga kai yana duban gabas. Ya yi sharar gona, ya kai taki, ya ware iri, wani ma ya yi binne. Jiransa fata ne, domin ya sauke nasa nauyin. Wanda ya watsa iri a kan fako ya koma gindin bedi yana lissafin damman da zai ɗaure, wannan ruɗaɗɗe ne ko da ya kwana yana duban sama.

To, mai ƙirƙirar manhaja da ke jiran taron don ya ga kayan aikin da zai gina sana'arsa da su, shi ne manomin farko. Amma wanda wayarsa ke kira, tana amsawa, tana aika kuɗi, tana ɗauke da karatun malamai, sa'an nan ya wayi gari yana jin ƙyamarta don an nuna masa wata, mene ne ya shuka? Wayar ba ta sake ba tsakanin jiya da yau. Zuciyarsa ce aka shiga aka sake. Kuma ya kamata a sani cewa wannan ba haɗari ba ne, tsari ne. Kamfanin da ke fito da sabuwar waya kowace shekara ba zai ci riba ba sai ya raba ka da wadar zuci a kan ta bara.

A dubi lissafi. A lokacin da wayar ta fito a 2024, dalar Amurka 799 ta haura jika 450 na sefa, tun ba a sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu kuwa, bayan ƙarin da ya fara aiki a 2024, jika 42 ne a wata. Ke nan guminsa na fiye da wata goma. Yaro nawa ne ke matsa wa yayansa da ke ci-rani a Legas ko Abijan ko Libiya, don ya riƙe abin da zai nuna wa tsara? Malaman usulu sun kasa buƙatun ɗan Adam kashi uku: larura, da buƙata, da ƙawa. Waya a yau ta shiga sahun buƙata, ba mu musu. Da ita ake jin farashin gero da wake, da ita ake kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauye. Amma sabuwar fuska mai ƙyalli ƙawa ce. A watan Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu saboda takunkumin CEDEAO, babu wanda ya tambayi launin wayarsa. Abin da kowa ya nema shi ne inda zai yi caji da inda rezo ke kamawa. Wannan lokaci ya nuna mana iyakar da ke tsakanin kashi na biyu da na uku.

Akwai kuma wani abu mafi muni, shi ne ta'assubanci. Ka ga samari sun rabu gida biyu, waɗannan na iPhone, waɗancan na Samsung, suna gori da zage-zage a kan kamfanonin da ba su san da zamansu ba. Soyayya da ƙiyayya dukiyar zuciya ce mai tsada. Ba a kashe ta a kan ɗan kasuwa. Tsakaninka da shi ciniki ne: ya kyautata ka saya, ya saɓa ka nemi haƙƙinka ko ka koma wani shago. Wanda ya ji zafin cin amana irin na masoyi, to, tun farko ya ba da abin da ba a saya daga gare shi ba.

FATAN DA YA DACE DA MU

Ba muna kiran mutane ga raina fasaha ba ne, ko ga mutuwar zuciya da sunan zuhudu. Muna da ƙorafi na gaskiya wanda ya fi na masoyan Amurka nauyi. Lokacin da Apple Intelligence ta fara aiki a Oktoba 2024, Ingilishin Amurka kaɗai take ji. A bazarar 2025 aka ƙara Faransanci da Jamusanci da Sinanci da wasu kaɗan, ba a sa harshen Afirka ko ɗaya ba. Alhali a watan Maris na wannan shekara ta 2025 ne kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tsohuwar da ke Gecheme ko Dumega, wadda ba ta shiga lakwal ba, ita ce ta fi kowa buƙatar na'urar da za a yi wa magana ta gane.

Sai dai wannan fata yana da gonarsa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disamba 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016. Na'ura ba ta koyon harshe daga iska, sai daga abin da masu harshen suka rubuta suka kuma faɗa. Akwai ƴaƴan Hausawa masu rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa, da masu ba da muryoyinsu kyauta ga shirin Common Voice na Mozilla, da masu bincike a ƙungiyar Masakhane ta masana harsunan Afirka da na'ura. Waɗannan su ne masu kai taki. Saurayin da ya kwana yana kallon taron Kalifoniya, amma ba ya iya rubuta saƙo da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a mazauninsu, yana jiran girbi ne a gonar da bai taka ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

NASIHA

Na farko, kada ka sayi kaya don abin da aka ce za su yi. Saye su don abin da ka ga suna yi a ranar ciniki. Na biyu, kada ka zama mai ɗaukar jita-jita daga wannan majalisa zuwa waccan, domin wanda ya saba yaɗa abin da bai tabbatar ba a kan waya zai yaɗa shi a kan mutum. Na uku, idan an saɓa maka alkawarin da ka biya kuɗi a kansa, nemi haƙƙinka da hujja da ladabi, wannan ba rashin haƙuri ba ne. Na huɗu, iyaye da malaman makarantu su tambayi yaran da ke ƙwazon bin waɗannan labarai: me kuka koya, me za ku iya ƙerawa? Wanda aka ga yana da basira a taimake shi ya koyi sana'ar, ya tashi daga sahun masu tafi ya koma sahun masu aiki. Na biyar kuwa, kowannenmu ya dubi alkawuran da ke wuyansa kafin ya ƙirga na wasu, domin wanda muke bin bashi a bayan teku ɗaya ne, masu binmu a cikin unguwa suna da yawa.

Allah Ya azurta mu da wadar zuci da cika alkawari, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya saukar mana da damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.