Uwargida, Kin Kashe Wutar Kuwa?

 

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya bayyana cewa wuta maƙiyiyarmu ce, ya yi umurni a kashe ta in za a kwanta. A wani hadisin an faɗi dalili: ɓera kan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa hukuncin yana tare da tsoron gobara, duk abin da ake jin tsoron zai ƙone gida ya shiga ciki.

To, yau aci-balbal ta yi ƙaranci a Turba da Isa da Sabon Birni, sai fitilar caji da waya da batirin sola. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, babura masu caji sun fara yawaita a biranen ƙasar nan, wata rana maigida zai shigo miki da shi. Batirin waya da na irin wannan babur, idan ya yi zafi ko ya fashe, kamawa yake nan take da hayaƙi mai guba, ya kan kuma sake tashi bayan an kashe shi. A 2023 mutum 18 irin wannan gobara ta kashe a birnin New York na Amurka, inda motar kashe gobara ke kusa. Mu fa, da zana da kara da iskar hunturu?

Na san halin da muke ciki. Saboda rashin tsaro ƙofa a kulle muke kwana, waya kusa da kai. Amma 'yar'uwa, kada ki jona ta ki tura ƙarƙashin matashi ko kan katifar yara. Ki yi caji idonki biyu, a kan dandariyar ƙasa, in ta cika ki zare. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi daga ɗaki. Cajar da ta huje, kada a ɗaure ta da leda a ce a lallaɓa. Batirin sola mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta, a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Babur kuwa, ki roƙi maigida cikin ladabi kada ya bar shi a jone a zaure, domin in ya kama ta ina za a fita? In wuta ta tashi, yara za ki fara ɗauka, ba kwalla ba.

Wata za ta ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Ke makiyayiya ce a gidan mijinki, za a kuma tambaye ki. Daren yau, kafin addu'ar barci, ki zaga ki zare abin da ke jone da niyyar bin sunna, ki sami lada.

Allah Ya tsare mu da wutar duniya da ta lahira, Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya. Amin.