Goro ne ko ƙwace?

Akwai wata tambaya da muke yawan taɓawa a fada idan shayi ya kai zagaye na biyu, amma ba mu cika bin ta har ƙarshe ba. Mutuminmu ya tafi biɗa wata ƙasa, mai kaki ya tare shi, ya riƙe masa takarda ya ce sai ya ga wani abu, shi kuma ya lalubo jika biyu ya miƙa. Shin ya yi laifi? Kusan kowanenmu yana da wani a waje, a Abijan ko Akara ko Legas, a Tamanrasat ko Sabha ko Jidda. Wasu cikinmu ma kuɗin hayar ɗaki da na kwafin darasi daga can suke zuwa. Don haka maganar ta gida ce.

Amsa biyu nake ji kullum. Wani ya ce haramun ne, ya tuna mana hadisin da ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa cikin tsinuwa ɗaya. Wani ya ɗaga kafaɗa ya ce ai dole ce, kowa na yi. Ni dai duka biyun sun yi mini gaggawa.

Harshe nake karanta, ku yi mini haƙuri in fara daga kalmomi. Dubi sunayen da ake ba wannan kuɗi: goro, na ruwa, kuɗin shayi, gaisuwa, alheri. Dukansu daga wajen kyauta aka aro su. Goro shi ake rabawa ranar suna da ɗaurin aure, gaisuwa ita ake kai wa babba da hannu biyu. Wanda ya ce maka "ina na goro?" ya sa wa buƙatarsa rigar zumunci, har kai da za a cuta ka riƙa jin nauyin hanawa. Sai kuma sunaye masu kaushi: cin hanci, rashawa da muka samo daga Larabci, da toshiyar baki. Wannan ta ƙarshe ta fi sauran faɗin gaskiya, don ta nuna aikin kuɗin: akwai bakin da ya kamata ya yi magana, an toshe shi. Amma toshiya tana nufin akwai laifin da ake rufewa. To wanda takardunsa suka cika, bakin wa yake toshewa, kuma a kan me? Goro ya yi wa abin da ya same shi kyau da yawa, hanci kuma ya zaunar da shi a akushi ɗaya da wanda ya cuce shi. Kalmar da ta dace tana nan, ƙwace, sai dai bakinmu na nauyi wajen faɗin ta idan mai yi yana sanye da kaki.

Mu ɗauki Kodibuwa, inda mutanen Adar da na Arewa suka daɗe suna zuwa, wasu da albasa, wasu da tireda, wasu da tebur ɗin garba. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa cikinsu damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. A farkon shekarun 1990, lokacin da Alasan Watara ke firaminista, Kodibuwa ta ɗora wa baƙi katin zama na kuɗi, kuma kuɗin ya yi ta hawa daga baya. Sai a 2007 Loran Bagbo ya soke shi ga ƴan CEDEAO. Tsakanin waɗannan shekaru, katin ya zama rumbun mai kaki. Wanda ba shi da shi ya biya don ba shi da shi. Wanda ke da shi a ce ya lalace, ko hoton bai yi kama da shi ba. Wanda ya biya kuɗin kati aka ba shi rasit yana jira, a ce rasit ba kati ba ne. Kuma duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Wagadugu zuwa Abijan bayan an soke katin zai gaya maka karɓar kuɗi a shinge ba ta mutu tare da shi ba.

Ƙanen mahaifiyata ya shekara da shekaru yana wannan hanya da albasa. Wata damina da ya dawo na tambaye shi abin da ya sa ba ya tsayawa kan haƙƙinsa, tunda takardunsa cikakku ne. Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, kai da ka yi lakkwal, faɗa mini. An tattara katunanmu an shiga da su ɗaki. Mota cike, rana ta take, direba na danna ƙaho. Kowa ya ba da nashi ya karɓi katinsa, saura ni. In na tsaya, mota ta tafi da kayana, albasa kuwa ba ta jiran shari'a. Wa zan kai wa ƙara a dajin nan? Ubangidansa? Ai da shi ake rabawa." Na ce, "Kawu, to ba ka jin zunubi?" Ya ce, "Wanda ɓarawo ya tare da wuƙa ya ba shi jaka, shi ma zunubi gare shi?"

Malaman fiƙihu ba su bar wannan ba. Da yawansu sun bambanta wanda ya biya don ya ci haƙƙin wani ko ya juya gaskiya, da wanda ya biya don ya karɓi abin da yake nasa ko ya kauce wa zalunci bayan ya rasa wata hanya. Na biyun, suka ce, laifin yana kan mai karɓa. Na yarda da wannan, kuma ina ganin ko wanda bai biyo ta hanyar addini ba zai iso nan. Ciniki sai da yardar mutum biyu. Inda ɗaya ke riƙe da fasfo ɗinka, da makullin ɗakin tsarewa, da ikon sa a mayar da kai bakin iyaka, babu ciniki a wurin.

Da a nan maganar ta tsaya da ta yi sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne mutanenmu da yawa takardunsu ba su cika ba. Wani ko takardar haihuwa ba shi da ita, balle fasfo. Wani ya wuce kwana 90 tun shekara biyar da ta wuce. Wannan idan ya miƙa kuɗi, toshiyar baki ce ta gaske, don akwai dokar da ya taka. Sai dai kafin mu yanke masa hukunci mu tambayi yadda ake cika takardun. Idan takardar izinin aiki sai mai kwantiragi da kamfani, shi kuwa mai tallan ruwa ne ko lebura a wurin gini, to an rufe ƙofar tun kafin ya iso. Dubi Saudiyya, inda iƙamar ma'aikaci ke ɗaure da kafilinsa. A 2021 an sassauta tsarin, aka ba wasu ma'aikata damar canza aiki, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, wato daidai ayyukan da namu suka fi samu. Matar da uwar ɗakinta ta hana ta albashi, in ta fita daga gidan aka kai rahoton ta gudu, sai ta zama marar takarda. Dokar ce ta ƙera laifin nata. In ta ba wani kuɗi don ya kau da ido, ni ban da bakin da zan kira ta mai ɓata ƙasa.

Kuma ku lura da wani abu, tunda muna maganar suna. Bafaranshe da ya zo aikin yuraniyom a Arlit, ko ɗan Sin da ke matatar mai kusa da Damagaram, Faransanci na da kalma mai tsabta da yake kiran su da ita, kalmar ƙwararren da ya baro gida. Namu da ya je gini a Aljeriya kuwa sunansa ɗan ɓoye ko marar takarda. Dukansu abinci suka fita nema. Bambancin shi ne ɗaya kamfani ne ke bi masa layin biza da izinin aiki, akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, kuma in an sa wani abu cikin ambulan ba hannunsa ne ya miƙa ba. Ɗayan da kansa yake tsayawa gaban mai kaki. Tsarkin hannun na farko da kuɗi aka saye shi.

Duk da haka ba zan ce duk abin da baƙo ya biya halal ne ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa kowa na yi. Akwai wanda ke biya don a tsallake da shi layi, alhali waɗanda ke layin ƴan'uwansa ne da suka kwana a ƙofar ofis. Akwai wanda ke sayen katin rigakafin shawara ba a yi masa allura ba, ya shiga mota da ƴaƴan mutane. Akwai ɗan kamasho, ɗan garinmu, wanda ya san harshen ƙasar ya san ofis, ya zama shi ne ke tattara kuɗin baƙin da suka sauka jiya, ya kai rabi ya riƙe rabi. Waɗannan ba wuƙa aka sa musu ba. Wanda suka cuta ma ba ya wurin lokacin da ake miƙa kuɗin, shi ya sa abin ke yi musu sauƙi. Kuma ko shi Kawu, da ba na ɗora masa zunubi, jika biyun da ya bayar ita ce ta zama farashin wanda zai zo bayansa, wanda wataƙila jika ɗaya ce kaɗai ta rage masa. Wannan nauyi ne da bai kai laifi ba, amma yana nan. Ina ganin mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne in ya dawo kada ya ba da labarin kamar wayo ya yi. Ya ce an ƙwace masa, ya faɗi wurin, ya faɗi nawa, don ƙanen da zai bi hanyar ya san haƙƙinsa ne aka taka.

Yanzu ma abin ya ƙara laushi. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna, har sai an sake sanarwa. Abin da jiya yake yarjejeniya yau ya zama alfarma, kuma mai kaki a shinge ya fi kowa sanin bambancin. Ko ba a canza doka ko ɗaya ba, wanda ke tsoro ya fi saurin sa hannu a aljihu.

Sannan mu ma ƙasar baƙi ce. Ƴan Gine da Gambiya da Senegal da Najeriya sun daɗe suna bi ta Tawa ko Damagaram zuwa Agadas, kuma kowa ya taɓa shiga motar ya ga yadda ake sauke su daban a shinge, mu ƴan ƙasa muna zaune muna kallo ta taga. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ba ta tsayar da tafiyar ba, ta dai tura direbobi hanyoyin da ba rijiya, ta ƙara kuɗin kau da ido, har aka soke ta a Nuwamba 2023. Wanda ke karɓar kuɗin a shingen namu ba daga sama ya faɗo ba. Yayan wani ne cikinmu, ko baffansa, kuma in ya zo gida ƙarshen wata ya miƙa wa ƙanensa ɗalibi jika biyar, ba mai tambayar daga aljihun wane ɗan Gine ta fito.