Cinikin Wuƙa ta Waya: Haƙƙin Wanda Bai Gani Ba da Wanda Bai Sani Ba



Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ta samo asali ne daga wani ciniki da aka yi tsakanin mutum biyu a cikinmu, wanda har yau ba a daina mayar da zancensa a majalisar bakin masallaci ba. Ba za mu kama suna ba, don gyara muke nema.

Wani matashi ne kuɗin haya ya taso masa. Cikin abin da ya gada akwai tsohuwar wuƙar damtse ta kakansa, irin ta mutanen Agadas, mai kube na jan fata. Sai ya ɗauki hotonta ya tura ta WhatsApp wa wani babba a unguwar nan da aka san shi da tara tsofaffin wuƙaƙe da takubba, ya ce masa: "Baba, ni ban san kuɗinta ba, ka saya yadda ya dace." Baban ya tura masa naira 15,000, yaro ya yi godiya har da addu'a. Ba a yi kwana goma ba labari ya fito cewa an sayar da wuƙar nan wa wani mai sha'awa a kan naira 120,000.

Nan fa unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce ai kasuwa ce: an taya, an sallama, ba wanda aka yi wa dole, kuma sani ma jari ne, mutumin nan ya fi shekara ashirin yana koyon bambance tsohon ƙarfe da sabo. Wasu suka ce wannan cin amana ne, ko a gaban wa. To, mu tsaya mu duba da kyau, domin kusan kowa a cikinmu yanzu yana saye ko sayarwa ta waya.

Wuƙa kaya ce da hannu yake saye. Idan mahauci ya je maƙera ko ya shiga kasuwar Wuse, zai zare ta daga kube, ya ɗora kaifin a kan farce, ya aske ɗan gashin hannu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya ji amonsa, ya girgiza ƙotar ya ji ko tana motsi. Hoto ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya nuna ko ƙarfen zai riƙe kaifi ko kuwa zai dakushe tun a rago na biyu. Ba ya nuna tsagar da ta ɓuya a gindin ƙota. Shi ya sa dattawa suke cewa wannan cinikin biri ne a sama.

Amma ba za mu ce a daina ba. Mahaucin da ke yanka a Dei-Dei ko Karu, maƙerinsa yana Kano ko Zariya ko Katsina, kuɗin motar zuwa da dawowa ya fi kuɗin wuƙar. Kuma ciniki daga nesa ba baƙonmu ba ne. Bature Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana kawo ruwan takubba daga garin Solingen na Jamus, su ƙetaro Sahara, a yi musu ƙota da kube a Kano, a sake fita da su wasu ƙasashe. A zangunan kudu irin Sabo ta Ibadan, an daɗe ana ba mahauta shanu bashi babu takarda, domin akwai maigida da dillali da suka tsaya tsakani. Su suka san kaya, su suka san mutane, idan aka cuci baƙo sunansu ne ya ɓaci. Abin da waya ta yi shi ne ta cire wannan na tsakiyar. Aikinsa kuwa bai tafi ko'ina ba, ya dawo wuyan mai saye da mai sayarwa.

Mu fara da mai sayarwa, don nasa ya fi sauƙin ganewa. Tunda mai saye ba zai taɓa ba, bakinka ne ya zama hannunsa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, yana nan cikin Risala da muke karantawa a zaure. Sharaɗin shi ne kaya su zo yadda aka siffanta su, in ba haka ba mai saye yana da damar mayarwa. Kuma duk mun san hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. A yau saman tulin nan shi ne gefen da ka juya wa kyamara. Wanda ya ɗauki hoton ɓangaren da ke sheƙi ya bar mai tsatsa, bai furta ƙarya ba, amma wallahi ya yi ta. Haka wanda zai jiƙa sabuwar wuƙa da ruwan gishiri ta yi tsatsa ya ce ta zamanin yaƙi ce. Wannan mutum biyu ya cuta: mai saye, da maƙerin da ya yi aikin aka binne sunansa. Ita ma hukuma ta san da wannan haƙƙi: dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, idan sun saɓa da yadda aka bayyana su.

Har nan babu gardama. Inda gizo yake saƙa shi ne idan mai sayen ne ya fi sani, kamar a labarinmu. Shin dole ne in gaya wa mutum darajar kayansa alhali ni ke son saye?

Masu cewa kasuwa ce suna da abin faɗa, kada mu raina shi. Da a ce duk wanda ya san wani abu sai ya bayar da shi kyauta, da ba wanda zai wahalar da kansa ya koya. Mai tara kayan nan yana zuba kuɗinsa ya jira wata da watanni, wani lokaci ya sayi jabu ya yi asara ba mai tausaya masa. Riba halal ce, kuma shari'a ba ta yanke mata iyaka ɗaya da za a ce kowa ya tsaya a kai ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ciniki biyu. Akwai wanda ya kasa kayansa ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Wannan ya shigo da shirinsa, kowa yana tsaron aljihunsa. Akwai kuma wanda ya ce maka "ban sani ba, ka saya yadda ya dace." Wannan ya ajiye ciniki gefe, ya miƙa maka wuyansa. Malaman fiƙihu sun ware masa hukunci na daban: wanda ya sallama kansa ga abokin ciniki don a yi masa farashin da ake yi wa kowa, idan aka danne shi, yana da haƙƙin warware cinikin. Dalilin nan ne kuma ya sa aka hana tarbar ayari a hanya a saye musu kaya kafin su shiga kasuwa su ji farashi. Yaron da ya tura hoto wa mutum ɗaya tak, ai ayari ne da bai iso kasuwa ba.

An ruwaito cewa sahabi Jarir ɗan Abdullahi an yi masa cinikin doki a kan dirhami 300. Da ya ga dokin sai ya ce wa mai shi dokinka ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har 800. Da aka tambaye shi, ya ce ya yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba mu ce kowa zai iya kai wa nan ba. Amma tsakanin Jarir da wanda ya ninka kuɗinsa sau takwas a kan yaron da ya kira shi Baba, akwai fili mai faɗi da mutum zai tsaya ya ci ribarsa cikin mutunci. Me zai hana a ce: "Ɗana, wuƙar nan za ta iya haura dubu ɗari a hannun mai so, amma sai an jira. In kana sauri ga dubu saba'in yanzu, in kuma za ka iya haƙuri in nema maka mai saye ka ba ni la'adata." Kun ga sani ya ci ladansa ke nan, haƙurin jira ma ya ci nasa. Abin da aka bari kawai shi ne kuɗin jahilcin ɗan'uwa, kuma shi ne dama ba namu ba.

Ga ma'aunin da muke ganin zai raba gardama: idan abokin cinikinka ya san duk abin da ka sani, zai yarda da cinikin nan? In zai yarda, ci ribarka ka yi barci. In kana addu'ar kada ya ji labari, to zuciyarka ta riga ta ba ka fatawa.

Akwai wani abu kuma da ɓangarorin biyu suka manta. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta sa kayan hannu na gida da aka ƙera kafin 1918, har da makamai, cikin kayan tarihi. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince masa, ba a kuma fita da su waje sai da izini. Masu tara tsofaffin takubba su kiyaye, kada son riba ya ja musu abin da ya fi asara.

Sauran ladubban kuwa mun gaje su, tuni kawai muke yi. Idan an sallama wa wani, magana ta ƙare. Kada ka zagaya ta bayan fage ka ce zan ƙara dubu biyu, kada kai ma mai kaya ka ce ai ba a turo kuɗi ba tukuna. An hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, an hana sa aboki ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. A yi magana tun farko: wa zai biya kuɗin mota, asarar wa ce idan saƙo ya ɓata tsakanin tasha da tasha, kwana nawa mai saye yake da su ya duba ya mayar. Shi ma mai saye ya ji tsoron Allah: kada ka yi aikin layya da wuƙa ka dakusar da ita sannan ka ce ba ta yi maka ba.

A naɗe ta da kyau cikin kube kafin a kai tasha, a kuma gaya wa direba abin da ke ciki. An umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo, to yaron mota da zai cusa hannu cikin kaya shi ma yana da wannan haƙƙin. Sannan a san wa ake sayar wa. Duk muna jin yadda ake ƙwacen waya da wuƙa a garuruwanmu. Idan yaron da ba mahauci ba, ba mai tsire ba, ya turo saƙo cikin dare yana neman doguwar wuƙa, tambayar ɗan wane ne kai ba shisshigi ba ce.

Jama'a, mu a garin nan zama ya kawo mu. Wani daga Katsina, wani daga Sakkwato, wani daga Maraɗi. Yawancinmu ba mu da gona a nan, ba mu da gidan gado. Abin da ya sa ake ba ɗan unguwar nan kaya bashi a Zuba ko Dei-Dei shi ne an san idan ya ce e, to e ɗin ce. Kowane ciniki irin wancan yana ɗan gutsurar wannan suna, kuma na kowa ne ake gutsura.

Har zuwa lokacin da muke wannan rubutu ba a daidaita mutanen biyu ba. Muna roƙon babanmu, da girmansa da komai, ya kira yaron nan su zauna tun kafin a kai maganar gaban liman ko Sarkin Hausawa. Abin da zai mayar kaɗan ne a kan abin da zai samu. Shi kuma yaro ya kama bakinsa, ya bar manya su yi aikinsu. Mu ma da muke ta sharhi, kowa ya buɗe wayarsa ya duba cinikinsa na ƙarshe.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya raba mu da haƙƙin wani. Amin.