Sababi da Ƙaddara a Teburin Mai Gyaran Rediyo

Tsohuwar rediyo mai bawul, irin Grundig ko Philips ɗin shekarun 1950, takan kama tashoshin matsakaicin zango raɗau, amma da an juya ta zuwa gajeren zango sai shuuu da ƙugi, muryar mai labarai tana zuwa tana ɓacewa. A ƙasar Hausa, inda kunne ya saba da London tun da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kowa ya san wannan takaici, kuma amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce haka Allah ya so. Maganar gaskiya ce a kowane hali. Sai dai a ganina, wanda ya faɗe ta don ya rufe bincike bai yi tawakkali ba, ya dai gajarta wa tauhidi ne. Imani da ƙaddara yana neman mutum ya bi sababi ɗaya bayan ɗaya, har ya rarrabe abin da aka damƙa a hannunsa da abin da ba a damƙa masa ba.

Dubi yadda ƙwararren mai gyara yake tunani. Idan matsakaicin zango yana fita lafiya, to lasifika da sashen ƙara sauti da mafi yawan cikin rediyon sun kuɓuta daga zargi, domin zangunan biyu ta nan suke bi. Laifin yana can gaba, inda saƙo ke shigowa. Zai fara da eriya, don gajeren zango a irin waɗannan rediyoyi yana son doguwar waya a waje, nesa da kwanon rufi, da wata wayar da aka kafa a ƙasa. Daga nan ya duba makunnin sauya zango, wanda ƙurar shekara sittin da tsatsa kan toshe bakinsa. Sai bawul ɗin da ke gauraya saƙo, irin su ECH81 ko 6BE6: idan ya tsufa yakan iya ci gaba da aiki a matsakaicin zango, ya gaza a gajere, shi ya sa rediyo kan yi rabin mutuwa. Akwai kuma tsofaffin kwandansa na takarda da kakin zuma masu yoyon wuta, da manyan da suka bushe suke jawo gurnani. Duk wannan da taka-tsantsan ake yinsa, domin a ciki akwai wutar da ta haura bolt 200, kuma kwandansa kan riƙe ta bayan an zare soket. Babu mataki ɗaya a nan da yake caca. Kowane gwaji tambaya ce da aka yi wa halitta, kuma tana amsawa iri ɗaya a Kano da Damagaram da Berlin.

Amma akwai rabon da ba ya kan tebur. Gajeren zango, wato tsakanin megahaz 3 zuwa 30, yana tsallaka teku ne saboda wani sashe na sararin sama mai ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, wanda hasken rana ke cajawa, yana mayar da saƙon ƙasa. Masana kimiyya Kennelly da Heaviside sun yi hasashensa a 1902, bayan Marconi ya tsallakar da saƙo tekun Atlantika a 1901, Appleton kuma ya tabbatar da shi a 1924. Da rana wani ɓangare na ƙasa-ƙasa na wannan sashe yakan shanye saƙon da ke kan ƙananan megahaz, da dare ya watse. Shi ya sa mita 16 da 19, masu manyan megahaz, suka fi kyau da rana, mita 41 da 49 kuma, masu ƙanana, da dare. Ita kanta rana tana da zagaye na kusan shekara 11 da ƙarfinta ke hawa da sauka, kuma idan ta yi wata babbar fashewa, gajeren zango kan ɗauke ɗif a gefen duniyar da ke fuskantarta na mintoci ko sa'o'i. A nan babu abin da sukundireba zai yi. Amma ta yaya mai gyara ya san ya iso wannan iyaka? Ta hanyar kunna wata rediyo mai lafiya a mita ɗaya, a lokaci ɗaya. Sai da bincike ake gane inda bincike ya ƙare.

Mai ilimin tauhidi zai iya cewa: ai malamanmu Ash'arawa sun karantar cewa wuta ba ta ƙonawa da kanta, Imam Ghazali ma ya kafa hujja da wuta da auduga a Tahafutul Falasifa, to me ya sa za a ce bawul ne ya hana murya? Amsar tana cikin littafin da almajiran zaure suka sani, Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, da sharhin da aka yi mata. An kasa hukunci uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Na al'ada shi ne haɗuwar abu da abu da aka gane ta maimaituwa, tare da yarda cewa Allah ne mai tasiri kuma yana da ikon saɓa ta. Ghazali bai musanta cewa auduga na ƙonewa duk lokacin da ta haɗu da wuta ba. Ya musanta cewa wutar ce mai cin gashin kanta. Saboda haka wanda ya canza rubabben kwandansa yana karanta tsarin da Allah ya gudanar ne, wanda kuwa ya ƙi dubawa ya wulakanta tsarin da sunan girmama Mai tsarin. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham sa'ad da annoba ta ɓarke, bai kuwa ɗauki juyawar a matsayin fita daga ƙaddara ba.

Daga ɗaya gefen wani zai ce: tunda eriya da rana sun bayyana komai, ina buƙatar ambaton Allah? Wannan ya haɗa tambayoyi biyu ne wuri guda. Ilimin lantarki yana faɗin yadda abu ke bin abu. Ba ya faɗin dalilin da ya sa akwai tsari tun farko, tsarin da hankalin ɗan Adam zai iya karantawa har ya ƙera akwatin da zai dogara da shi. Appleton ya auna tsawon wancan sashe na sama, bai ce shi ya ajiye shi a can ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kashi na uku, wanda ba na akwati ba ne, ba na sama ba. Yawancin hayaniyar da ke binne gajeren zango a biranen yau daga cajar waya mai arha take, da ƙwan LED, da inbata, na gidanka ko na maƙwabci. Kashe wutar gidan ka kunna rediyo mai batir, sau da yawa za ka ji ƙugin ya ragu. A zamanin yaƙin cacar baka kuwa, Tarayyar Sobiyet ta gina tashoshi musamman don toshe muryoyin waje, ba ta daina ba sai a 1988. Mai sauraro a Moscow da ya ɗora wannan ƙugi a kan yanayi ya wanke mutanen da suka zauna suka shirya hana shi ji, kuma za a tambaye su a kan abin da suka aikata, ko da shi bai taɓa tambaya ba.