Ruwa: Haƙƙi Ne Ko Haja?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa idan baƙo ya yi sallama, kafin a tambaye shi daga ina yake, ko wurin wa ya zo, sai an fara miƙa masa ruwa. Ba a taɓa jin wanda ya shayar da baƙo sannan ya miƙa hannu a biya shi ba. Amma kuma mu ɗin nan, a garuruwan nan namu, kullum safiya muna tsaye a ƙofar gida muna cinikin jarka da ɗan ga-ruwa, muna sayen na leda a tasha, kuma ba mu ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba. To, a nan ne tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ta taso: shin ruwa haƙƙi ne da kowane ɗan'adam ya cancanta don kawai yana da rai, ko kuwa haja ce kamar gishiri da kananzir, mai kuɗi ya saya, maras shi ya yi haƙuri? In kuwa haƙƙi ne, yaya za a raba shi a lokacin da bai isa kowa ya yi yadda yake so ba?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Labarin da muke bayarwa na asalin Hausa Bakwai ma labarin ruwa ne. An ce mutanen Daura suna da rijiyarsu ta Kusugu, ga ruwa a ciki, amma maciji ya hana su ɗiba sai ranar Juma'a. Da Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa bai samu ba, sai ya karɓi guga ya nufi rijiyar cikin dare ya kashe macijin. Masana tarihi suna da ja a kan wannan labari, amma abin da ya dame mu a nan shi ne darasin da kakanninmu suka ajiye a cikinsa. Matsalar Daura ba rashin ruwa ba ce, akwai wanda ya tare bakin rijiya ne. Kuma wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa shi aka ga ya cancanci shiga gidan sarauta. Wato tun fil azal mun haɗa halaccin mulki da shayar da talakawa.

Malamanmu na fiƙihu su ma ba su bar maganar a baya ba. Ya zo a hadisi cewa ruwa da makiyaya da wuta abubuwa ne da mutane suka yi tarayya a cikinsu, an kuma hana mutum ya riƙe rarar ruwan da ya wuce buƙatarsa. Mun san labarin rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita yake sayar da ruwanta, har Sayyidina Usman ɗan Affan ya saye ta ya mayar da ita waƙafi ga kowa. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an yi bayanin cewa waɗanda suka haƙa rijiyar dabbobi a daji su ne kan gaba wajen shayarwa, amma da zarar sun gama sai sauran mutane su zama daidai a kanta. Haka kuma wanda yake da rijiya a cikin gonarsa yana da ikon hanawa, sai fa idan rijiyar maƙwabcinsa ta rufta, shukarsa tana neman mutuwa, to a nan ba shi da ikon hana shi rarar. Idan muka duba da kyau za mu ga an yarda da mallaka, an yarda da ladan wahala, amma an sa musu iyaka, kuma iyakar ita ce buƙatar ɗan'uwa.

Duniya ta daɗe tana kai-kawo kafin ta iso inda waɗannan malamai suka tsaya. A taron da aka yi a birnin Dabilin na ƙasar Ayalan a 1992, an fito da matsayar cewa a ɗauki ruwa a matsayin kaya mai darajar tattalin arziki. Bayan haka ƙasashe da dama suka shiga miƙa gidajen ruwansu ga kamfanoni. A shekarar 2000 mutanen birnin Kocabamba na ƙasar Bolibiya suka yi bore saboda tashin kuɗin ruwa bayan an damƙa shi a hannun kamfani, har sai da gwamnati ta soke yarjejeniyar. Ita Bolibiyar ce kuma ta gabatar da ƙudurin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shi ranar 28 ga Yuli, 2010, wanda ya tabbatar da cewa samun tsabtataccen ruwan sha da tsabtar muhalli haƙƙi ne na ɗan'adam. Ƙasashe 122 suka goyi baya, ba wadda ta ƙi, 41 suka ƙaurace. Duk da haka, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a 2022 mutum kimanin biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha. Ashe rubuta haƙƙi a takarda abu ne mai sauƙi, kai shi cikin randa shi ne aiki.

Wajibi ne mu saurari masu ɗaya ra'ayin, domin ba shirme suke faɗi ba. Suna cewa, Allah ne ya saukar da ruwa kyauta, amma bai saukar da shi cikin famfo ba. Kafin ruwan Tamburawa ya iso unguwa sai an zuba alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sai an kunna injuna, an sayi man dizal, an biya ma'aikata, an gyara bututun da ya fashe. Idan aka ce kowa ya sha kyauta, wa zai biya? Suna ƙarawa da cewa abin da mutum bai saya ba ba ya tattalinsa, shi ya sa za ka ga famfon gwamnati yana tsiyaya kwana da kwanaki ba wanda ya damu. Wannan gaskiya ne. Hasali ma idan gidan ruwa ya durƙushe don ba ya samun kuɗin shiga, ba attajiri ne yake shan wahala ba, domin shi zai kira masu haƙa su yi masa rijiyar burtsatse a cikin gidansa. Talaka ne zai koma sayen jarka, kuma idan aka lissafa za a tarar abin da yake biya a kan kowace lita ya ninka na mai famfo a gida sau da yawa.

A ganinmu, hanyar warware wannan ƙulli ita ce mu bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ruwan rai, akwai ruwan riba. Ruwan rai shi ne wanda mutum zai sha, ya dafa abinci, ya yi wanka da wanki da alwala, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tsakanin lita 50 zuwa 100 ga mutum ɗaya a rana. Wannan ba ya cikin abin da aljihu zai yanke hukunci a kansa, domin mutum yana iya haƙura da nama, yana iya haƙura da sabuwar riga, amma kwanaki kaɗan yake iya yi babu ruwa, kuma duk cinikin da ɗaya ɓangaren ba shi da ikon cewa ya fasa, to ya tashi daga ciniki ya koma tilas. Ruwan riba kuwa shi ne wanda ake wanke motoci da shi don kuɗi, ake yin lemo, ake jeme fata, ake ban-ruwan manyan gonaki. Wannan babu laifi a sa masa farashi, kuma daga ribarsa ya kamata a tallafi na farkon. Afirka ta Kudu ta sanya haƙƙin samun ruwa a tsarin mulkinta na 1996, sannan daga 2001 ta fara tsarin ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata, abin da ya haura a biya. Shi kuwa ɗan ga-ruwa da ke tura kura cikin rana, guminsa muke saya, kuma gumi halal ne. Abin tambaya shi ne me ya sa har yanzu kafaɗarsa ce bututun unguwanninmu.

Sai dai maganar ba ta tsaya a kan famfo ba. Inda adalcin ruwa ya fi wuya shi ne tsakanin wanda yake saman kogi da wanda yake ƙasansa, kuma muna da misali a ƙofar gidanmu. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, sannan a 1992 aka kammala ta Challawa a yankin Ƙaraye. Babu mai musun alherinsu. Birnin Kano yana sha daga gare su, kuma shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura sun rufa wa dubban gidaje asiri. Amma waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda a da yakan yi ambaliya duk damina ya shimfiɗu a dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya haɗu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya raba iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. A wannan ambaliya manomi yake shuka shinkafa, in ruwa ya janye ya bi danshi da wake da kayan lambu, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya shigo da shanunsa da rani, rijiyoyin ƙauyuka kuma su cika ta ƙarƙashin ƙasa.

Da aka datse kogunan, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, sai ambaliyar ta ragu, yadda ruwan yake zuwa ma ya canza. Maimakon ya zo da ƙarfi lokaci guda sannan ƙasa ta bushe, sai ya koma kwarara kaɗan-kaɗan har cikin rani. Wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta mamaye magudanan ruwa ta toshe su, har ta kai wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ba sa ganin ko ɗigo, ga tsuntsayen jan-baki da suka samu maɓoya a cikinta suna yi wa hatsi ɓarna. Masana tattalin arziki irin su Edward Barbier, da suka yi nazarin yankin a shekarun 1990, sun gano cewa amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya malala a dausayin, idan aka haɗa noma da su da itace, ya fi wanda ake samu daga irin wannan adadi a manyan filayen noman rani na sama. Sai dai shi arzikin dausayi a warwatse yake a hannun ƙananan mutane, ba ya shiga littafin akanta, ba a kuma yanka masa ƙyallen buɗewa.

A nan ma shari'a tana da abin faɗi. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Annabi (SAW) ya yi game da wasu ƙoramu na Madina, cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Hukuncin bai hana na sama fara sha ba, tunda ruwan ta wurinsa ya fara biyowa. Amma ya sa masa ma'auni da kowa zai iya gani da idonsa, ya kuma wajabta masa saki. Kasancewar mutum a saman kogi ba ƙoƙarinsa ba ne, ba kuma laifin wancan ba ne da aka haife shi a Gashuwa. Don haka muna ganin ma'aunin da ya dace a auna kowace madatsa da kowane gidan ruwa da shi guda ɗaya ne: me ya isa ga mutumin da yake can ƙarshe, ƙarshen kogi ko ƙarshen bututu? A 2006 jihohi shida da suka haɗa wannan kwari, wato Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Barno da Filato, sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Wannan amincewa ce da cewa kogin ba na jiha ɗaya ba ne. Abin da ya rage shi ne masunci da makiyayi da matar da take tafiya da tulu su samu wurin zama a inda ake yanke shawarar yaushe za a buɗe ƙofar madatsa da kuma yaushe za a rufe.

Kada kuma mu ɗora komai a kan hukuma mu wanke hannunmu. Kowannenmu na sama ne ga wani. Masana'antar da take sakin dagwalon jima cikin kogin Challawa, da mu da muke juye shara a kwatar da take zuba cikin Jakara, duk mun tare wa na ƙasa bakin rijiya, domin ɓata ruwa da hana shi duk ɗaya ne a wurin mai jin ƙishi. Haka wanda ya haƙa burtsatse mai zurfi har rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe, sannan ya kulle famfonsa da kwaɗo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katangar gida ba. Wanda ya fito da famfo ɗaya waje don unguwa ta ɗiba, mukan ce ya yi sadaka, alhali idan aka bi diddigi wani kaso na abin da ya bayar dama nasu ne.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin 'yan'uwanmu marubuta, musamman masu tasowa. Littattafanmu sun cika da gidajen bene da dogayen motoci, amma da wuya ka ga yarinyar da ta makara makaranta saboda layin famfo, ko dattijon da ya jingine komarsa don kacala ta rufe masa tafki. Hausawa suna cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma mutumin Kano ba zai san halin mutumin Nguru ba sai an ba shi labari yadda zai ji a jikinsa. Wannan kuwa aikin alƙalami ne. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da ke hannunsu, mu kuma ya ba mu ikon sakar wa na ƙasa da mu rabonsa, amin.