Idan Aure Ya Mutu, Yaron Na Waye?

Akwai wata al'ada da muka saba gani daga Gusau zuwa Bungudu har Tsafe, har ta daina ɗaga mana hankali. Da zarar an yi saki, sai a jira ranar yaye, dangin miji su zo su karɓe yaro, wai ai ɗansu ne. Uwa ta koma gidansu da hawaye, ɗan shekara biyu ya kwana a ɗakin matar uba. Kowa na maganar haƙƙinsa, amma wa ya tambayi haƙƙin yaron?

Za ki ji ana cewa, "Ai yaro ne, zai manta." To ba haka ba ne. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan kulawar uwa a 1951, shi da abokin aikinsa James Robertson sun lura cewa ƙaramin yaron da aka raba da mahaifiyarsa kan bi matakai uku. Da farko kuka da cigiyar uwa. Daga nan jikinsa ya yi sanyi, ya rage ci da wasa. A ƙarshe ya yi kamar bai damu ba, ko uwar ta zo sai ya kau da kai. Wannan na ukun ne mu kuma muke cewa "ya saba", alhali fid da rai ya yi. Mu malaman Islamiyya mukan gan su a aji: wani shiru kamar ba ya nan, wani abu kaɗan sai faɗa.

Abin mamaki, fiƙihunmu ya riga likitoci. A mazhabar Malikiyya, uwa ce ta fi cancanta da hadana: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri bare, riƙon ya koma hannun kakar yaron ta wajen uwa. Ciyarwa kuwa tana kan uba. A Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗauki ɗansa Asim bayan rabuwarsa da mahaifiyar yaron, kakarsa ta ƙi yarda, Sayyidina Abubakar ya umarce shi ya bar mata shi, Umar kuwa bai yi musu ba. Kin ga, a jihar da ta fara aiki da Shari'a tun 2000, bai kamata al'ada ta danne wannan hukunci ba.

Wata za ta ce, ai da yawanmu a hannun kaka ko gwaggo muka tashi, kuma lafiya lau. Gaskiya ne. Annabi (SAW) ya rasa mahaifiyarsa yana shekara shida, amma ga Ummu Aiman, ga kakansa. Abin da yaro ke bukata shi ne mutum ɗaya tsayayye mai ƙaunarsa. Riƙon zumunci daban, fizge yaro don a huce haushin uwarsa daban.

Don haka 'yar'uwa, idan ke ce gwaggo, kada ki zama 'yar aiken karɓo yaro. Idan ke ce matar uba, ki buɗe wa uwarsa ƙofa ta riƙa ganinsa. Idan kuma ke aka raba da naki, ki fara da manya da malamai, in ya ƙi ki je gaban alƙali. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.