Wakilcin Mai Bi A Kan Halittar Allah

Hamada tana matsowa kudu, rafuffukan da ba su ƙafewa a dā sun zama yashi, buhunan gawayi kuma suna kwarara birane kowace rana. Mutane da yawa sun ɗauka maganin wannan yana hannun gwamnati da masana kimiyya kaɗai. Amma ko kimiyya tana iya hana mutum sare itacen da zuciyarsa ba ta ga darajarsa ba?

Abin da ya faru a Maradi, cikin Jamhuriyar Nijar, ya isa darasi. An yi shekaru ana dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwoyinsu suna nan a ƙasa. In an bar wa kututture 'yan rassa aka tsare su, sai ya koma itace. Dabarar mai sauƙi ce, wahalar tana cikin zukata. Al'ada ta ce manomin kirki shi ne mai gona fes, har ana yi wa masu barin kututture ba'a. Doka kuma ta mai da itace na hukuma, wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba? Sai da tunani ya sāke, manomi ya tabbata amfanin itacen nasa ne, sa'an nan aikin ya bazu. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da gonaki hekta miliyan 5 a Nijar.

A nan ne aikin addini, tarihi da adabi yake. Kimiyya tana nuna yadda za a yi, su kuwa suna koya wa mutum dalilin yi. Tarihi yana tuna masa da kurmin da kakanninsa suka tsare. Littafi Mai Tsarki kuwa, cikin Farawa 2:15, ya haɗa noma da kiyayewa a matsayin aiki ɗaya, Littafin Firistoci 25 kuma ya ba ƙasa hutu a shekara ta bakwai. Mutum wakili ne, wakili kuwa zai ba da lissafi.

Saboda haka ya kamata wannan koyarwa ta shiga wa'azi, Makarantar Lahadi da Zumuntar Mata. Ikilisiya kuma ta tuna da gwauruwar da gawayi ne abincin 'ya'yanta, gama tsauta mata ba tare da nema mata wata sana'a ba rashin ƙauna ne. Ubangiji ya sa a iske masu bi da aminci cikin wannan amana. Amin.